Cire gashi da hasken lesa: ya dace da baƙar fata kuwa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan abu da idonsu ko da iliminsu. Gashi ne baƙi mai kauri yake fito mini a haɓa da gefen muƙamuƙi, na daɗe ina tsige shi da hantsaki, har wurin ya yi duhu fiye da sauran fuskata, ga ƙananan ƙuraje da ba sa rabuwa da shi. An ba ni shawarar in je a cire shi da hasken lesa, kuma masu tallar abin suna cewa an rabu da gashi ke nan har abada. Ni kuwa baƙa ce sosai, kuma na ji ana cewa na'urar tana ƙona masu irin launina. Ina so in sani ko da gaske gashin ba ya dawowa, ko ya dace da baƙar fata, da kuma ko hasken yana jawo cutar kansa ko matsalar haihuwa daga baya.

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ni dai da za ki ji tawa, da kin bar kaza cikin gashinta. Ɗiyar ƙanwata ta je wani wurin gyaran jiki aka yi mata a hamata da ƙafafu, washegari fatar ta tashi da bororo, da ya fashe ya warke sai ya bar tabo a jere, kowanne da siffar bakin na'urar, wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu kuma sun yi fari kamar an goge launin wurin. Ta daɗe tana jinya kafin su fara dusashewa. Gashi ba ciwo ba ne, amma tabon ƙuna a fuska abu ne da mutum zai riƙa gani a madubi kullum.

Dakta Sa'adatu:
Hajiya, Allah ya ƙara wa yarinyar lafiya. Abin da kika bayyana yana faruwa, kuma mu likitocin fata muna ganin irinsa, sai dai yana da dalili sananne, wanda idan aka fahimce shi za a gane wurin da haɗarin yake.

Na'urar ba ta gane gashi a matsayin gashi, launi kawai take bi. A cikin gashi akwai sinadarin melanin, wanda shi ne ke ba shi baƙinsa, kuma shi ne ke shanye hasken ya mai da shi zafi, zafin nan ya gangara zuwa saiwar gashin ya lalata ƙwayoyin da ke haifar da sabo. Kamar dai yadda baƙar riga ta fi farar riga ɗaukar zafi idan aka shanya su a rana ɗaya. Masana biyu a Boston ta Amurka, Rox Anderson da John Parrish, su ne suka shimfiɗa wannan ƙa'ida a 1983, inda suka nuna cewa idan aka zaɓi irin hasken da ya dace, aka kuma taƙaita lokacin da yake sauka, za a iya ƙona abu guda a cikin fata ba tare da an taɓa na kusa da shi ba. Matsalar ita ce melanin ɗin da ke cikin gashi shi ne dai yake cikin fatarmu. Ga mai farar fata da baƙin gashi, hasken yana ratsa fata ya je ya sami gashi kai tsaye. Ga mai baƙar fata kuwa, saman fatar yana gasa da gashin wajen shanye hasken, kuma idan ya sha fiye da kima sai ya ƙone.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wace na'ura za a yi amfani da ita, kuma hannun wa za ta kasance. Muna auna launin fata da ma'aunin da Thomas Fitzpatrick ya fito da shi a 1975, mai matakai shida, kuma masu duhun fata suna mataki na biyar da na shida. Ga waɗannan, na'urar da aka fi amincewa da ita ita ce wadda ake kira Nd:YAG mai dogon bugu, wato wadda kowace walƙiyarta ke ɗan jimawa a kan fata, tare da sanyaya fata kafin kowane bugu ko a lokacinsa. Ina kyautata zaton ɗiyar Hajiya an yi mata ne da na'urar da ba ta dace da launinta ba, ko kuma an ɗaga ƙarfin fiye da yadda fatarta za ta ɗauka.

Injiniya Kabiru:
Bari in ƙara kaɗan a kan bayanin Dakta ta fuskar na'urorin, tun da aikina ya shafi kayan asibiti. Ana bambanta su ne da tsawon zangon haskensu, wanda ake aunawa da nanomita. Ta dutsen rubi tana da 694, kuma da irin dutsenta Theodore Maiman ya ƙera lesa ta farko a duniya a 1960. Alezandarait tana da 755, dayod tana tsakanin 800 da 810, Nd:YAG kuma 1064. Yayin da zangon ke ƙara tsawo, melanin yana rage shanye hasken, shi kuma hasken yana ƙara nutsewa cikin fata, shi ya sa ta ƙarshen take wuce saman baƙar fata ba tare da ta yi ɓarna mai yawa ba. Akwai kuma IPL, wadda wurare da yawa ke kira lesa alhali fitila ce mai walƙiya da ke fitar da haske iri-iri a lokaci guda, kuma tana cikin waɗanda suka fi saurin ƙona masu duhun fata.

Game da kansa da haihuwa, wannan haske ba ya cikin rukunin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda ke iya lalata ƙwayoyin gado. Zafi kawai yake haifarwa, kuma bai wuce milimita kaɗan a cikin fata ba, don haka ba ya isa mahaifa ko wata gaɓa ta ciki. Gaɓar da ake ji wa tsoro da gaske ita ce ido, domin cikinsa cike yake da melanin. Dole ne mai yi da wanda ake yi wa su sa tabarau na musamman da aka yi domin zangon wannan na'urar, kuma ba a kai ta kusa da fatar ido don gyaran gira, kada garin neman gira a rasa ido.

Hajiya Binta:
Na ji bayaninku, kuma na gode. Amma ku duba, ku masana ne, ita kuwa mai zuwa a yi mata ba ta san bambancin wannan na'ura da waccan ba, duk akwati ne mai waya da maɓallai. Idan mai wurin ta ce mata wannan ita ce ta baƙar fata, da me za ta ƙaryata ta? Sannan har yanzu ba wanda ya amsa maganar "har abada" da ake yi wa mutane alkawari.

Dakta Sa'adatu:
Gaskiyarki, Hajiya, kuma wannan ita ce babbar matsalar, domin a ƙasashe da dama doka ba ta tsaurara kan wanda zai riƙe na'urar ba. Abin da mai zuwa za ta iya yi shi ne ta nemi a nuna mata sunan na'urar da lambar zangonta, yawanci a rubuce suke a jikinta ko a allonta. Ta tambayi irin horon da mai yin ta samu, da ko akwai likita da ke lura da wurin. Mafi muhimmanci, ta nemi a gwada mata a ɗan ƙaramin wuri da ba ya bayyana, a jira aƙalla kwana biyu, wasu likitocin ma sukan jira fiye da mako ga mai duhun fata saboda canjin launi yana jinkirin fitowa. Wurin da aka ƙi yin wannan gwaji, ko aka kwantar da mutum ba a tambaye shi magungunan da yake sha da mayukan da yake shafawa ba, to ya ɗauki jakarsa ya fita.

Maganar har abada kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wadda ta fara amincewa da lesa domin cire gashi a 1995, ba ta yarda a ce na'urorin suna kawar da gashi gaba ɗaya ba. Abin da ta amince a faɗa shi ne suna rage shi ragi mai ɗorewa. Gashi yana da matakai uku a rayuwarsa: lokacin girma, ɗan gajeren lokacin sauyi, da lokacin hutu da yake ƙarewa da zubewa. Hasken ya fi tasiri a kan wanda ke lokacin girma, kuma a kowace rana wani kaso ne kawai na gashin ke cikin wannan hali. Shi ya sa ake maimaitawa, yawanci sau shida zuwa takwas, a fuska bayan kowane mako huɗu zuwa shida, a sauran jiki da tazarar da ta fi haka. Bayan an kammala, yawancin mutane suna ganin gashin ya ragu ƙwarai, wanda ya saura kuma ya zama siriri mai jinkirin fitowa, amma da yawa sukan koma lokaci zuwa lokaci a sake bi. Duk wanda ya ce miki zama ɗaya ya isa, kuɗinki yake so.

Anti Rakiya:
Ni tambayata ga Maman Hanifa ce, kuma ba sai ta amsa a bainar jama'a ba. Shin al'adarki tana zuwa a kan lokaci? Kin lura da ƙarin ƙiba, ko ƙurajen fuska masu taurin kai, ko gashi a ƙirji da ƙasan cibiya? A shekarun da na yi ina aikin jinya a sashen mata, na ga cewa gashi mai kauri a haɓar mace sau da yawa saƙo ne daga cikin jiki. Abin da ya fi jawo shi shi ne larurar da ake kira PCOS, wadda ke shafar kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, inda sinadaran homon irin na maza ke yin yawa ko jiki ya fi jin tasirinsu. Likitocin mata suna da ma'auni tun 1961, na Ferriman da Gallwey, wanda a yanzu ake duba wurare tara na jiki da shi a ba kowanne maki. Idan homon ne ke tura gashin, lesa za ta kashe wanda ya fito, jiki kuma ya ci gaba da mai da siraran gashi zuwa masu kauri, tsugune ba ta ƙare ba ke nan. A ganina bai kamata a kai fuska gaban na'ura ba sai an fara ganin likita an yi gwajin jini. Idan kuma gashin ya ɓullo ne farat ɗaya cikin 'yan watanni, tare da kaurin murya, wannan ba maganar kwalliya ba ce kuma, a hanzarta zuwa asibiti.

Zainab:
Anti Rakiya, na yarda da ke a kan zuwa asibiti, amma ban yarda sai an gama magani sannan a fara lesa ba. Ina da wannan larura, kuma magungunan da ake bayarwa, ko ƙwayoyin tsarin iyali ne ko sifironolakton, sukan ɗauki kamar wata shida kafin a ga sauyi a gashi, sannan ba sa cire wanda ya riga ya yi kauri, sabo kawai suke hanawa. Mace da ke duba haɓarta a madubi kowace safiya kafin ta fita ta san nauyin wata shida. Likitata ta haɗa mini duka biyun, kuma haka ya fi mini.

Ga Maman Hanifa, ga yadda abin yake. Za a ce ki aske wurin kwana ɗaya kafin ki je. Ana shafa wani ruwa mai kauri mai sanyi ko a hura iska mai sanyi, sannan a ɗora bakin na'urar. Kowane bugu zafi ne mai tsini da ke wucewa nan take, ya fi tsanani a kan ƙashin haɓa da saman leɓe, kuma za ki ji ƙaurin gashi a ɗakin. Da kin tashi za ki ga gindin kowane gashi ya ɗan kumbura ya yi tudu, wannan alama ce cewa hasken ya isa inda ake so, kuma yakan lafa cikin sa'o'i ko kwana guda. Bayan mako ɗaya zuwa uku sai ki ga kamar gashin yana tsirowa, amma idan kika goga tawul a hankali sai guntayen baƙaƙe su zube, matattu ne fata ke turowa waje. Abin da ya fi faranta mini rai ma ba raguwar gashin ba ce, duhun haɓar ne da ya fara washewa da na daina tsiga.

Maman Hanifa:
Allah ya saka muku da alheri. Anti Rakiya, zan je a duba ni. Amma Zainab, kin ce a aske, ni kuwa tun ina yarinya nake jin cewa idan mace ta sa reza a fuska gashin zai dawo da kauri ya zama gemu sosai. Wannan tsoron ne ya sa na riƙe hantsaki.

Dakta Sa'adatu:
Wannan magana ta yaɗu a duniya, amma ba ta da tushe. Tun 1928 wata masaniyar halittar jiki, Mildred Trotter, ta auna gashin da ake askewa ta ga cewa aski ba ya sauya kaurinsa ko launinsa ko saurin girmansa. Reza tana yanke gashi ne a tsakiyarsa, sai bakin da ya fito ya zama mai kaushi a hannu, a ɗauka ya yi kauri. Tsiga kuwa, da hantsaki ko zare ko halawa, tana fitar da gashin daga saiwarsa, ta bar hasken ba shi da abin kamawa, don haka a daina ta aƙalla mako huɗu kafin a fara, kada kuma a koma mata tsakanin zama da zama.

Akwai wani abu da nake so kowa ya sani game da fuska, wanda ba kasafai masu talla ke faɗa ba. Wani lokaci hasken, maimakon ya kashe gashi, sai ya farkar da siraran da ke gefen wurin su yi kauri. Ba ya faruwa ga yawancin mutane, amma an fi ganinsa a gefen fuska da wuya, ga masu duhun fata da masu matsalar homon, kuma ana danganta shi da ƙarfin da bai kai ya lalata saiwa ba. Saboda haka idan gashi masu kauri a haɓa suke, a tsaya a haɓa, kada a yarda a bi fuska duka har da kumatu don kawai an ce an yi rangwame.

Malam Nura:
Ku yi mini afuwa, na shigo zancen mata, amma mu ma abin ya shafe mu. Duk lokacin da na yi aski, ƙasan wuyana da ƙeyata sai su cika da ƙuraje masu ƙaiƙayi, wasu har da ruwa. Ba gemuna nake son rabuwa da shi ba, na ƙasan wuyan kawai. Dakta, ko wannan hanya tana taimakawa?

Dakta Sa'adatu:
Tana taimakawa ƙwarai, Malam Nura, har ma tana cikin mafi ingancin abin da muke da shi ga ƙurajen aski. Gashi mai nannaɗewa idan aka yanke shi yakan lanƙwasa ya soki fata ya koma ciki, jiki kuma ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu ya yi kumburi. Idan gashin ya ragu ya yi siriri, sukar ta ragu. Sai dai ka zana iyakar wurin da kyau tare da mai yin, domin abin da ya tafi ba lalle ya dawo ba. Na ƙeya kuma a fara duba shi, saboda ƙurajen wurin sukan zama wata larura dabam, kuma idan jikinka yana yin tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, ka faɗa tun farko.

Ummi:
Ina ganin ƙananan na'urori na hannu da ake sayarwa ta intanet don a yi a gida. Ba za su wadatar ba?

Injiniya Kabiru:
Yawancinsu IPL ne mai ƙaramin ƙarfi, kuma idan kika karanta takardar da ke cikin kwalin za ki ga jadawalin launuka inda kamfanin da kansa ya soke mafi duhun fata. Masu inganci suna da ma'aunin da ke hana su walƙiya idan fata ta yi duhu da yawa. Ga mai hasken fata da baƙin gashi suna rage gashi matuƙar ana ci gaba da amfani da su. Waɗanda ba su da wannan ma'auni, ba kuma a san wanda ya ƙera su ba, ni ba zan bari wani nawa ya ɗora su a jikinsa ba.

Anti Rakiya:
Tun da an zo maganar abin da mutane ke yi da kansu, bari in ja kunne a kan mayuka iri biyu. Na farko man kashe zafi mai lidoken, wanda wasu ke laftawa kafin su je. A 2007 hukumar nan ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan mutuwar mata biyu, mai shekara 22 da mai 25, waɗanda suka shafa irin wannan mai a ƙafafunsu suka naɗe da leda kafin a yi musu lesa, maganin ya shiga jini da yawa. Bayan haka, zafin da mutum ke ji shi ne ke sanar da mai yin cewa ƙarfin ya yi yawa, idan an kashe fata gaba ɗaya an toshe wannan ƙofa. Na biyu mayukan ƙara hasken fata, waɗanda da yawansu ke ɗauke da siteroyid mai ƙarfi. Suna sa fata ta yi siriri ta kasa warkewa da wuri, kuma su kansu suna iya tsirar da gashi a fuska. Mai shafa su ta faɗa wa likita gaskiya. Haka mai juna biyu ta dakata sai ta haihu, tun da ba a yi isasshen bincike a kan masu ciki ba, mai shan maganin ƙurajen fuska na aisotiretinoyin ta ambata shi, kuma ba a bi ta kan zanen tatu domin tawadar tana shanye hasken ta ƙone. Bayan kowane zama a guji zafin rana, a riƙa shafa man kariya daga rana, ko da mutum baƙi ne.

Hajiya Binta:
To, na ji, kuma har yanzu ina nan a kan cewa wanda bai sami ƙwararre ba ya haƙura da rezarsa. Amma tun da Dakta na nan, bari in tambaya wa kaina. Ni ma da girma ya zo akwai 'yan gashi da ke fito mini a haɓa, sai dai rabinsu furfura ce. Ita ma na'urar tana ɗauke ta?

Dakta Sa'adatu:
A'a, Hajiya, furfura ba ta da melanin, hasken zai wuce ta bai gan ta ba, ko da an maimaita sau nawa. Abin da ya dace da ke shi ne hanyar allurar lantarki, wadda ta girmi lesa nesa ba kusa ba, domin wani likitan ido mai suna Charles Michel ne ya fara ba da rahotonta a 1875, yana cire gashin ido da ke juyawa ciki yana sukar ƙwayar ido. Ana zura siririyar allura cikin ramin kowane gashi ɗaya bayan ɗaya, a saki ɗan lantarki ya lalata saiwar, kuma ba ruwanta da launin gashi ko na fata. Tana da jinkiri, shi ya sa ba a cika yin ta a wuri mai faɗi kamar ƙafa ba, amma ga 'yan tsirarun gashi a haɓa ita ce daidai. Ki tabbata dai allurar sabuwa ce aka buɗe a gabanki, kuma a fara da gashi kaɗan a ga yadda fatarki za ta karɓa, domin ita ma tana iya barin ɗigon duhu idan hannun mai yin ya yi nauyi.